Zango a Gefen Layin Dogo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tafiyar Kwanaki a Kan Doki Don Kallon Jirgin Ƙasa

Tun da muka fara fita da dawaki daga Kano muna kwana a ƙauyukan da layin dogo ya ratsa, tambayoyi iri ɗaya ake ta yi mana, a barga, a filin sukuwa, har a wurin ɗaurin aure. Su na tattara a nan, na fara da masu sauƙi. Wasu amsoshin sun jingina da juna, don haka za ka ga ina tura ka gaba ko baya.

Me ya haɗa doki da jirgin ƙasa, har mutum zai ɗaura sirdi ya tafi kallo?

Layin dogo ba ya bin titin mota. Gonaki yake ratsawa da fadamu da bayan ƙauyuka, inda mota ba ta shiga. Doki kuwa burtali da 'yar hanyar ƙafa sun ishe shi, kuma daga kan sirdi kana hango abin da mai tafiya a ƙasa ba ya gani. Mu Kanawa mun saba ganin doki ranar Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa, an yi masa ado, ya yi 'yan awoyi ya koma turkensa. Amma asalinsa abin tafiya ne, kuma da shi iyayenmu suka je kallon jirgi lokacin da yake sabon abu.

Jirgi ya iso Kano a 1911, ta layin da aka faro daga Baro a bakin Kogin Kwara. Turawa sun shimfiɗa shi da niyyar kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila, sai manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi riba suka koma mata. Daga nan aka sami dalar gyaɗa, da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Duk ƙaramar tashar da za ka tarar a daji yau, da rufinta da ya yi tsatsa da allon sunanta, ta taɓa zama wurin awo da lodi da hayaniya. Ni dai idan na tsaya a irin wurin nan a kan doki, ina jin kamar na haɗa zamani biyu da suka gina garinmu.

Wane layi za mu bi daga Kano?

Tsofaffin layuka biyu ne suka fita daga tashar Kano. Ɗaya ya nufi Zariya ta Challawa da Madobi da Ɗangora, ya wuce Kaduna da Minna har Legas, tafiyar sama da kilomita 1,100. Ɗayan ya yi arewa maso gabas ta Jogana da Zakirai da Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya ƙare a Nguru, inda ya isa a 1930. Dukkansu siririn layi ne, tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,067.

Wanda bai taɓa fita ba, ya fara da ɓangaren Madobi, kwana biyu ko uku zuwa da dawowa. Shi ne babban layi, kuma ƙauyuka suna kusa da juna idan wata matsala ta taso. Hanyar Ringim ta fi daɗin hawa, ƙasar rairayi ce mai taushi ga kofato, fili ne a buɗe. Ko wacce za ku bi, kada ku bi gefen layi a cikin gari. Ku fita bayan sallar asuba kafin motoci da adaidaita sahu su cika titi, sai kun bar gine-gine a baya ku nemi layin.

Sababbin layukan da ake magana fa, na Kaduna da na Maraɗi?

An ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a watan Fabrairun 2021, na Kaduna zuwa Kano kuma a watan Yulin shekarar. Faffaɗan layi ne, milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Shawarata ita ce a kalle su daga nesa. Inda ake aiki akwai manyan motoci da ramuka da masu gadi, inda jirgi ke bi kuma gudunsa ya fi na tsohon layi nesa ba kusa ba. Duk abin da na faɗa a amsar tsallaka layi, a nan ninka shi.

Ta yaya za mu san ranar da jirgi zai wuce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma amsarta ba ta yi wa masu gaggawa daɗi. A tsohon layi jirgi ba kullum yake wucewa ba. An dawo da jigilar fasinja tsakanin Legas da Kano a Disambar 2012 bayan shekaru ana gyara, kuma tun daga nan an sha tsayawa ana ci gaba. Ambaliya ɗaya ta wanke ƙasan layi a wani wuri can kudu ta isa ta hana jirgi zuwa Kano tsawon lokaci. Jirgin kaya kuwa sai an gama lodi yake tashi, ba ya bin agogo.

Saboda haka kafin ka sayi ko damin harawa ɗaya, je tashar Kano da kanka, ka gaida ma'aikatan Hukumar Jiragen Ƙasa, ka gaya musu abin da kake so, ka tambayi ko akwai zirga-zirga a makonnin nan. Bayan haka nemi mutum a wata tasha ko ƙauye da ke gaban zangonka, wanda zai buga maka waya idan jirgi ya wuce su. Masu shayi da masu kayan miya da ke kusa da inda titi ya ƙetare layi sun fi kowa sanin ranar da ya wuce na ƙarshe. Matambayi ba ya ɓata. Akwai kuma shaidar da ido zai ba ka: idan saman ƙarfen layi yana sheƙi, ana bin sa, idan ya yi ja da tsatsa, ciyawa ta rufe shi, an kwana biyu ba a bi ba.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu, wato Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. An kwashe amfanin gona, ba za ka taka wa kowa shuka ba, harawa tana da araha, rana ba ta da zafi. Illarsa biyu ce: sanyin dare, wanda yake ratsa bargo a fili, da hazo, wanda wata rana zai ɓoye maka jirgi har sai ya zo kusa. Bazara kada ma a fara, don zafin Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, rijiyoyi kuma sun ja baya. Damina kuwa ga laka, ga gonaki ko'ina, ga sauro da ƙananan ƙwarin da ke yaɗa cututtukan dawaki.

Dokina na hawan Sallah ne, lafiyayye, ƙosasshe. Zai iya?

Ƙiba ba ƙarfi ba ce. Dokin da ya shekara a turke yana cin gero, ana fita da shi kilisa sau ɗaya a mako, zai ba ka sha'awa a ranar farko, a rana ta biyu ya fara jan ƙafa. Ba shi mako shida na horo: fara da tafiyar awa ɗaya kullum, kana ƙarawa sannu a hankali har ya iya awa uku ko huɗu ba tare da ya jiƙe sharkaf ba, kuma da sirdin da kayan da za ku tafi da su. A nan ne za ka gane inda sirdi yake cin bayansa tun kuna gida.

Hali ya fi kyau muhimmanci. Ingarma mai faɗa, wanda ba ya ganin wani doki ya ƙyale, zai hana kowa barci a zango. Kada a haɗa ingarmu da goɗiya a tafiya ɗaya. Mai tsoro kuma, wanda leda ta tashi ya yi tsalle, sai ka karanta amsar sabar da doki da ƙara kafin ka yanke shawara. A sa likitan dabbobi ya duba shi mako biyu kafin tafiya, a ba shi maganin tsutsar ciki, a gyara kofato.

Kilomita nawa za mu yi a rana?

Doki a tafiyarsa ta ƙa'ida yana yin kamar kilomita 6 a awa. Kilomita 20 zuwa 25 a rana sun isa, a raba su biyu: daga asuba zuwa hantsi, sai a sauka a kwance majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, a huta, a tashi bayan la'asar a isa zango da sauran rana. Ban da sukuwa. Duk bayan awa ɗaya ka sauka ka ja shi na minti goma, bayansa ya sha iska, kai ma gwiwarka ta miƙe. Sannu sannu kwana nesa.

Yaya za mu yi da ruwa da abincin doki?

Ruwa shi ne yake zana hanyar tafiya, ba jirgi ba. Doki ɗaya yana shan lita 25 zuwa 45 a rana, ya fi haka idan ya yi gumi. Dawaki huɗu ke nan sun kusa shanye duro guda. Ba za ka ɗauki wannan a sirdi ba, dole kowane zango ya kasance kusa da rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa, kuma a tabbatar yana aiki kafin a taso. Ku tafi da bokitinku da guga da igiya. Kada ku shayar a kwamin da garken shanu da jakuna suke sha, nan ake kwasar cuta. A rijiyar gari a bari mata da yara su gama ɗiba tukuna. Sannan a kiyayi ruwan Kogin Challawa a ƙasan unguwar masana'antu, inda ruwan jima da rini yake kwarara. Ko da ƙishi ya kama doki, a ja shi gaba.

Abinci kuwa, doka ɗaya ce: abin da ya saba ci a gida shi zai ci a hanya. Canja hatsi farat ɗaya yana kawo ciwon ciki. A auna geron ko dawar kowace rana da dusa a ƙulla daban, a ɗauki kanwa ko gishiri. Harawar wake ko ta gyaɗa ana samu a ƙauye a lokacin kaka, amma ka buɗe damin ka shinshina. Mai ƙura ko fumfuna a bar ta ko kyauta ce. Idan an sauka, ruwa kaɗan-kaɗan tukuna, sai harawa, hatsi sai jikinsa ya huce.

Wane kaya za mu ɗauka, kuma wa zai ɗauke su?

Doki ba jaki ba ne. Mahayi da sirdi da kaya gaba ɗaya kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin, kuma dawakinmu na nan ba manya ba ne, mahayi da sirdi kaɗai sun kusa cike wannan. Mafita ita ce a sami mai babur ko ƙaramar mota da zai riƙa kai hatsi da tabarmi da barguna da tukunya zangon gaba. A sirdi ruwan sha ne kawai, da tocila, da wuƙa, da igiya, da 'yar jakar magani.

Kayan ado duk a bar su a gida. Sirdi mara nauyi, shimfiɗa mai taushi guda biyu don a riƙa shanya ɗaya, majayi na ajiya, ragama mai ƙarfi ƙari a kan linzami, dabaibayi, turke da abin buga shi. Abin da ya tsufa a kai wa dukawa su ɗinke, abin da babu a nema a Kasuwar Kurmi, amma kada a fara amfani da sabon majayi ko sabon sirdi ranar tafiya. Na mutane kuma: bargo mai kauri, gidan sauro, buta, garin kwaki ko ƙuli-ƙuli ko dabino don hanya, da abin cajin waya.

Sai mun nemi izini?

Ƙwarai kuwa, kuma a wuri uku. Na farko 'yan sanda: an sha hana kilisa a cikin Kano saboda ɓata-garin da ke fakewa da ita, don haka a je ofishin yankinku a bayyana ranar fita da yawan dawaki da inda aka nufa. Na biyu ma'aikatan jirgi, domin layi da filin da ke gefensa na hukuma ne, kuma saboda masu satar ƙarafan layi, duk wanda aka gani yana kewaya wurin da dare abin zargi ne.

Na uku, wanda ya fi duka amfani, mai gari. Ku aika tun kafin ranar, idan kun isa kuma ku sauka daga kan dawaki tun daga nesa, ku je ƙofar dagaci ko mai unguwa a ƙasa, da ɗan goro. "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga birni, muna neman wurin da za mu kwana da dawakinmu, jirgi muka zo kallo." Sau da yawa za a yi murmushi a ce, "To samari, jirgi kuma?" sannan a haɗa ku da wanda zai nuna muku wuri, a sanar da 'yan sintiri. Daga wannan lokacin kun zama baƙin gari, kuma wannan ya fi kowane irin gadi.

A ina za mu kafa zango, kuma yaya nisansa da layi?

Mita 200 ko fiye, kuma zai fi kyau a sami bishiyoyi ko tudu tsakanin dawaki da layi. Mutane su taka zuwa wurin kallo da ƙafa, a bar mutum ɗaya ko biyu wurin dawaki.

Da jikina na koyi wannan. A fitarmu ta farko mun ga wata tsamiya mai inuwa, taku talatin da layi, muka kafa turaku a gindinta. Can tsakar dare na farka na ga akawal ɗina, wato baƙin dokina, ya daina tauna, ya miƙe kunnuwa duka biyu wajen kudu. Ni ban ji komai ba tukuna. Sai ƙasa ta fara wani gurnani a ƙarƙashin tabarma, haske ya faso ta cikin kara, direba ya danna oda. Dokin ya ja da baya sau ɗaya, turken ya fito da ƙasarsa, igiyar ta zare min fatar tafin hannu, ya faɗa duhu yana jan turken. Ban ga ko tarago ɗaya ba a daren nan. Da gari ya waye wani dattijo ya zo yana jan sa, jini ya bushe a ƙafarsa ta gaba inda turken ya riƙa dukansa. Ya miƙo min ragamar ya ce, "Ɗana, da ta wajen layi ya yi, da yanzu wani zancen ake." Har yau tabon yana ƙafar dokin, kuma duk sanda nake wanke shi sai na tuna laifina ne.

Za a iya sabar da doki da ƙarar jirgi tun a gida?

Za a iya rage tsoron, ba za a iya cire shi ba. A makonnin horo ka riƙa tsayar da shi nesa da babban titi inda tireloli ke wucewa, kana ƙasa kana riƙe da ragama, kana matsawa kusa kaɗan-kaɗan a kwanaki. Idan ya tsaya ka shafa wuyansa, idan ya firgita ka ja baya, ban da bulala. Tsohon doki mai natsuwa a kusa da shi ya fi duk wata dabara. Idan jirgi ya riske ku a hanya, kowa ya sauka, a juya fuskar doki wajen jirgin don ya ga abin da ke ƙara, a ba juna tazara, kuma kada kowa ya naɗe igiya a hannunsa.

Yaya ake tsallaka layi? Gada fa?

A tsallaka a inda mutane da dabbobi suka saba tsallakawa, a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye ba a karkace ba, bayan an tsaya an saurara an duba hagu da dama. Kofato yana iya maƙalewa a gefen ƙarfe, tsakuwar layi kuma tana da kaifi, ga dawakinmu yawanci ba su da takalmin ƙarfe. Kada a bi tsakiyar layi ko da kun tabbata babu jirgi. Taragu sun fi layin faɗi, kuma jirgi mai kaya yana cin ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, ko da direba ya hango ku.

Gadar jirgi kuwa, irin ta Challawa, ba a hawanta da doki ko da wasa. Babu wurin kaucewa, ƙafa tana iya zurmawa. A zagaya ta gadar mota ana jan dawaki, ko a tambayi mutanen wurin mashigin da suke bi da rani.

Waɗanne alamu ne za su sa mu dakatar da tafiya?

Doki ya ƙi cin abinci, ko yana waiwayar cikinsa yana tonon ƙasa yana son birgima: ciwon ciki ne, a cire hatsi, a riƙa zagayawa da shi a hankali, a kira likita nan take. Ɗingishi, kumburi ko ƙujewa a baya ko wurin majayi: an gama hawansa ke nan, sai ja. Don gane ƙarancin ruwa, tsunkuli fatar wuyansa ka saki. Idan ba ta koma nan da nan ba, yana buƙatar ruwa da inuwa. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa a hutu 28 zuwa 44 a minti. Kowace yamma a duba kofato huɗu, a cire tsakuwa da ƙaya, a nemi kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne. Lambar likitan dabbobi da ta mai motar da za ta iya ɗaukar doki su kasance a wayar mutum biyu.

Batun tsaro fa?

Ba a wasa da shi, musamman tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022. Kada ku gaza mutum uku, kada ku yi tafiyar dare, kada ku kwana a dajin da ba kowa, kuma kada ku sanar da duniya inda za ku kwana a Facebook; hotuna su jira ku dawo. Idan mai gari ya ce kada ku wuce wuri kaza, magana ta ƙare. A gida a bar wa mutum ɗaya sunayen zangon kowace rana.

Za mu yi ƙasaru?

A mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, wajen kilomita 80, a zuwa kaɗai. Tafiyar Madobi ba ta kai ba, ku cika sallarku. Mai niyyar nisa ya tambayi malaminsa kafin ya tashi.

Idan mun yi kwana uku jirgi bai zo ba fa?

Yana faruwa, kuma ya faru da mu. Ranar komawa hatsin doki ne yake yanke ta: idan ya rage na kwana ɗaya, a ɗaura sirdi, ko da an ce jirgi ya baro Zariya. Kafin nan ku yi amfani da zaman. Da izinin mai kula da wurin ku duba tsohuwar tasha, ku karanta shekarun da aka buga a jikin ƙarafan layi, ku nemi tsoffin ma'aikatan reluwe da suka yi ritaya a garin. Akwai wanda ya zauna da mu daga la'asar har magariba yana nuna mana da sandarsa inda ake jibge buhunan gyaɗa da inda mata ke tsayawa da fura idan jirgin fasinja ya tsaya. Ku karɓi lambar mai shayin da na ambata a amsar sanin ranar jirgi, ku bar masa taku. Ku kwashe kashin dawaki ku ba mai gonar da kuka kwana a cikinta, ku cike ramukan turaku, ku kashe wuta da ruwa, sannan ku je ku yi wa dagaci sallama.